Wa ya cinye Ada, teku ne ko dam ko titi?

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah ina da tambaya ga masana tarihin cikinmu musamman su Malam Na-Zango. Asabar ɗin nan na kai wasu 'yan biki Ada Foah a nan Gana, daga Ankara wajen kilomita 100 ne, ka bi hanyar Tema kamar za ka Aflawo sai ka karya dama a Kasseh ka yi ta gangarawa har titi ya ƙare da kansa don bayan garin ba komai sai ruwa. Da na sauke su ina da kusan awa huɗu ba abin yi, sai wani yaro ya sa ni a kwale-kwale ya kai ni inda kogin Bolta yake shiga teku. Wallahi jama'a gani ya kori ji, wani siririn yashi ne ka tsaya a kai, ta nan ruwa kwance luf kamar a faranti yara na wanka, ta can teku na ta haukansa ko kusa ba ka so ka je, tsakaninsu bai fi ka yi jifa da dutse ba. Da muka dawo cikin gari na ga tsofaffin gine-gine irin na Turawa, manyan shaguna masu faɗin ƙofa rufi ya zube awaki sun mai da su gida. Na ce wa yaron ina ganuwar Turawan da ake faɗa, sai ya nuna min wani guntun bango sannan ya miƙa hannu cikin teku ya ce ta asalin tana can. Ni abin da ya tsaya min a rai, kakana Allah ya jiƙansa in miya ta yi masa daɗi sai ya ce yau da gishirin Ada aka yi, ban taɓa sanin wannan ce Adar ba sai ranar. To me ya kashe garin nan?

Ɗan Kurmi:
Wa alaikumus salam. Ni da ka ce Ankara na ɗauka Turkiyya ka kai 'yan bikin, na ce lallai motar Baban Sadiya ta yi ƙoƙari

Baban Sadiya:
Hhhh kai Bakano ba ka rabo da tsiya. Mu nan haka muke kiran Akra tun kakanni, ka zo Nima ka ce Akra ka ji yadda za a gane baƙo ne kai

Malam Na-Zango:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baban Sadiya ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Bari in fara da ganuwar tunda ita ka nema. Mutanen Denmak ne suka gina ta a 1783 suka sa mata suna Kongenstein, a shekarar da ta biyo kuma bayan yaƙin da suka yi da mutanen Anlo na tsallaken kogi tare da taimakon mutanen Ada suka gina ta Keta. Har ana cewa kalmar Foah ɗin daga sunan ganuwa a bakin Turawa ta samo asali, don a bambanta ta da Ada babba inda sarki yake. Ba don shan iska suka zo ba, bakin kogi suka zo tarewa, duk wanda ya riƙe nan ya riƙe abin da ke gangarowa daga arewa da abin da ke hawa. A 1850 Denmak ta gaji ta sayar wa Ingila duk ganuwoyinta na gaɓar nan har da ta Osu da ke Ankara a kan fam 10,000, kuɗin kenan gaba ɗaya. Amma lokacin da Ada ta fi cika ba zamanin Denmak ba ne, ƙarshen ƙarni na 19 ne, lokacin manja. Manjan ƙasar Krobo ana tara shi a Akuse a zuba a ganguna a gangaro da shi ta kogi zuwa Ada, manyan jirage ba sa iya tsallake yashin bakin kogin sai su tsaya can cikin teku a riƙa kai musu da ƙananan jirage masu tuƙi da hannu. Shagunan da ka ga awaki a ciki na wannan zamanin ne.

Bakin Ruwa:
Salam. Yaya Baban Sadiya ka shigo garinmu ba ka neme ni ba ko, to na riƙe. Amma gaskiya kalmar "kashe" ɗin nan ba ta min daɗi ba. Ni mahaifina Bahaushe ne mahaifiyata 'yar Ada ce, a Kasseh na tashi, garin bai mutu ba. Kai dai ka je ka ga kango ka dawo. Ka zo makon farko na Agusta lokacin bikin Asafotufiami ka ga ko za ka samu wurin ajiye mota, bindigogin gargajiya tun safe har kunnenka ya toshe, sarakuna a kan karaga ana ɗauke da su, 'yan Ada na ko'ina har na Turai duk sun dawo gida. Gari matacce ba ya haka

Baban Sadiya:
Afuwan ƙanena ba da wata manufa na faɗa ba, kuma wallahi na manta kana can da na kira ka ko ruwa ka ba ni. Ina nufin tashar jirgin, ba mutanen ba

Ɗan Kurmi:
Ni fa tambayata ɗaya, kar a ce na cika magana. Gurup ɗin nan na tarihinmu ne, to ina ruwan Bahaushe da wani garin masunta a bakin teku? Gishiri kam muna da na Bilma tun kafin a san Bature

Hajiya Mai Goro:
Ɗan Kurmi ɗana zauna in ba ka labari tunda ka tambaya. Ni ba boko na yi ba amma kakata ta wajen uwa a Kete Karachi aka haife ta, iyayenta daga Salaga suka gudo lokacin yaƙin basasa. Tana ba mu labari muna yara wai in rani ya yi kwale-kwalen gishiri sukan iso daga Ada a jere, manya-manya waɗanda mutum zai kwanta a ciki a gicciye, matuƙan baƙaƙe wuluk duk jikinsu ya yi fari da gishiri, sun yi makonni suna tura jirgi da gora suna hawan ruwa, in sun zo inda duwatsu suke sai a sauke kaya a ɗauka a ka a ja jirgin da igiya a sake lodi. Su kuma mutanenmu suna bakin gaɓa da jakuna suna jira. Bahaushe ya kawo kanwa da fata da shanu da tufafin Kano, ya sayi goro ya sayi gishiri. Gishirin nan ba Kano ake kai shi ba, gaskiyarka kuna da naku, nan ƙasar Gwanja da Dagwamba da Moshi ake cin sa, amma wa yake dillancinsa, wa yake sauke baƙi a gidansa ya ci la'ada? Mu ne. Kakata ta ce mahaifinta ɗaki guda ya ware na gishiri kaɗai, da damina bangon ɗakin har gumi yake yi, su kuma yara su lallaɓa su lashi bango. To yau tsohuwar Keten tana ƙarƙashin ruwan dam, da gidan da ɗakin gishirin da kabarin iyayenta duka. Don haka in an ce Ada ni ba baƙon suna ba ne a kunnena

Ɗan Kurmi:
Allah sarki Hajiya, Allah ya jiƙan magabata. Na janye rabi

Hajiya Mai Goro:
Ɗaya rabin fa

Ɗan Kurmi:
Shi sai Malam ya kawo shekara da shekara tukuna hhh

Malam Na-Zango:
To ga shekarun. Yaƙin basasar Salaga da Hajiya ta ambata 1892 ne, shi ya watsa kasuwar, fatake da malamai da yawa suka koma Kete Karachi wadda ta faɗa hannun Jamus. Cikinsu har da Alhaji Umaru wanda aka haifa a Kanonku Ɗan Kurmi a 1858, ya zama limamin Kete ya rasu a can 1934. Sannan ga wata alaƙar da ta fi wannan kusa da Ada kanta. A 1873 da Ingila ta shirya yaƙi da Tonawa, wato Asante, Kyaftin Glover wanda ya kafa rundunar da ake kira Hausawan Glover a Legas tun 1863, a Ada ya kafa sansaninsa da sojojin Hausa, shirinsa ya hau ta Bolta ya ɓullo wa Kumasi ta gabas. Sarakunan gaɓa suka ce ba inda za su sai an fara gamawa da Anlo da ke tsallaken kogi, aka ɓata lokaci a nan, kafin ya isa Kumasi babban kwamandan Ingila Janar Wolseley ya riga ya shiga ranar 4 ga Fabrairu 1874 ya ƙone garin ya juya. Shi Glover toka ya tarar. Amma faɗuwar Kumasi ita ta sa Salaga ta ɓalle daga hannun Tonawa, hanyar kogi daga Salaga zuwa Ada ta buɗe sosai. Ka ga sojan Hausa ya kwana a yashin da Baban Sadiya ya tsaya, kuma abin da ya biyo baya farke Bahaushe ne ya ci ribarsa.

Ɗan Kurmi:
Na janye duka Malam. Amma fa in za a faɗi gaskiya a faɗe ta gaba ɗaya, wannan ba abin alfahari ba ne. Sojan haya ne na Bature aka kawo su yaƙi baƙar fata ɗan uwansu. Kuma Hajiya ki yi haƙuri, kin lissafa kanwa da fata da shanu, akwai haja ɗaya da kika tsallake. Salaga kasuwar bayi ce kowa ya sani, har yau rijiyoyin da ake musu wanka suna nan ana nuna wa baƙi. Wa yake kawo su? In muna son rabonmu a tarihin gishiri sai mu karɓi rabonmu a wancan ma

Hajiya Mai Goro:
Ban tsallake don ɓoyewa ba ɗana, ba a son faɗa ne. A gidanmu ma akwai wata tsohuwa da muke kira Iya, sai da na girma na yi aure na gane ba 'yar uwar kakata ba ce, sayenta aka yi tana yarinya, ko sunan garinsu ba ta tuna ba sai wata waƙa guda ɗaya da take yi in tana daka da yaren da ba wanda ya sani a gidan. Allah ya yafe mana da su

Malam Na-Zango:
Amin Hajiya. Ɗan Kurmi maganarka tana kan hanya amma ka ƙara da wannan, su kansu Hausawan Glover ɗin da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayen gijinsu a ƙasar Yarbawa, wasu ma ba Hausawa ba ne, Hausa kawai suke ji shi kenan Bature ya rubuta Hausa. Mutumin da aka sayar ya gudu aka ba shi bindiga da albashi, da wuya ka zauna a inuwa yau ka yanke masa hukunci. Ita kuwa ganuwar Ada ba wanda ya isa ya wanke ta, an tsare mutane a wurin an loda su a jirgi. Denmak ta yi dokar hana cinikin a 1792 ta fara aiki 1803, amma a wannan gaɓar ta gabas an ci gaba a ɓoye shekaru da yawa bayan nan.

Injiniya:
Salam jama'a yanzu na taso daga aiki na tarar da saƙo sun fi 30. Ku kun tafi tarihi kun bar tambayar mutum. Ya ce me ya cinye garin, amsa ɗaya ce dam ɗin Akosombo. Bari in yi bayani yadda kowa zai gane. Kogi ba ruwa kaɗai yake ɗaukowa ba, yana tafe da yashi da laka tun daga Burkina, duk shekara in ya yi ambaliya wajen Satumba da Oktoba sai ya juye su a bakin teku. Shi kuma teku a gaɓar nan kullum yana kwasar yashi yana tura shi gabas. Wato ɗaya na kawowa ɗaya na kwashewa, lissafi ya daidaita. Da aka gama dam a 1965 sai yashin ya riƙa kwanciya a bayan dam cikin tafki, tafkin da ya kai wajen murabba'in kilomita 8,500, aka tashi mutum kusan 80,000 saboda shi, cikinsu har da dangin Hajiya. A 1982 aka ƙara na Kpong a ƙasa. To mai kawowa ya daina, mai kwashewa bai daina ba, me kake tsammani? Sai ya fara cin gari. Ka tambayi Bakin Ruwa labarin ƙauyukan Totope da Azizanya, ko Fuveme a ɗaya tsallaken

Bakin Ruwa:
Wannan kam gaskiya ne Injiniya. Ƙanwar mahaifiyata a Totope take aure, gidan da na sani ina yaro yanzu yashi ya binne shi har taga, ka tsaya a waje kana kallon cikin ɗaki ta sama. Sau uku suna matsawa baya kuma bayan nasu tafki ne, ba sauran inda za a matsa. Duwatsun da gwamnati ta jera a gaɓa shekarun baya sun taimaka a wasu wurare ba za a ce ba su yi komai ba, amma inda duwatsun suka ƙare nan ruwan yake hucewa

Malam Na-Zango:
Injiniya ban ƙi taka ba amma ka haɗa abu biyu wuri ɗaya. Dam ya ci ƙasar Ada, wannan na yarda. Amma tashar jirgin kafin a aza tubalin farko a Akosombo ta riga ta kwanta. Duba, koko ya zo ya ture manja, shi kuma koko a dajin Akyem da Asante yake ba a bakin Bolta ba. Jirgin ƙasa ya isa Kumasi daga Sekondi a 1903, na Ankara ya haɗe da Kumasi a 1923, ga motoci sun shigo. A 1928 aka buɗe tashar Takoradi inda jirgi zai matso ya jingina a yi lodi ba sai an yi ta kokawa da igiyar ruwa ana asarar kaya da rayuka ba. Tema ta zo a 1962 ta rufe zancen. Wane ɗan kasuwa ne zai bar wannan ya koma turin kwale-kwale? Irin abin da ya samu Baro ne, tashar jirgin kogin Neja a wajenku 'yan Najeriya, an ja layin dogo daga can zuwa Kano a 1911, ba a daɗe ba layin Legas ya ɗauke cinikin aka bar ta da suna.

Injiniya:
Malam da girmanka amma ban gamsu ba. Naka bayanin ya nuna dalilin da Turawa suka kwashe kamfanoninsu, to sai me, dama su baƙi ne. Talakan Ada ba da kamfani yake ci ba da kogi yake ci. Kafin dam mata na nitso suna ɗebo adodi, wannan mai ɓawo kamar kumba da ake tsirewa a tsinke a sayar a gadar Sogakope, tun daga can sama har ƙasa sana'a ce ta dubban mata, yanzu sai ɗan yanki kusa da bakin kogi. Ambaliya ta daina zuwa gonakin fadama suka daina samun sabuwar laka. Ruwa ya daina gudu ciyawa ta rufe shi, dodon koɗi ya samu gida, tsargiya ta shiga yara suna fitsarin jini, har sai da hukumar kogin ta kawo jirgin yashe baki don ruwan gishiri ya riƙa shigowa yana kashe su. Wutar kuma da aka yi dam ɗin dominta kaso mai tsoka kamfanin narka alminiyam na Tema aka yi wa tanadi. Wannan duk jirgin ƙasa ne ya jawo?

Malam Na-Zango:
A'a ba shi ba ne. Amma ka koma ka karanta tambayar, shaguna ya gani ya yi tambaya a kansu. Kuma kar mu zama masu butulci, wayar da kake rubutu da ita da wutar Akosombo ka yi mata caji.

Injiniya:
Wutar da ake ɗaukewa kullum hhh. Malam a 2023 ma da aka buɗe ƙofofin dam ɗin tun Satumba, a Oktoba ruwa ya shanye Mepe da garuruwan ƙasa, shekara kusan 60 an hana su ambaliyar da suka saba da ita har sun yi gini a hanyar ruwa, rana ɗaya aka sako musu ita gaba ɗaya

Adimin:
Jama'a a ci gaba amma a kiyaye harshe, kuma dan Allah masu turo tallan maganin basir a tsakiyar muhawara na goge na ƙarshe kenan

Bakin Ruwa:
Ni dai ku duka biyun ina jin ku amma har yanzu kuna kewaye ne. Malam na maganar ganuwa da shaguna, Injiniya na maganar dam, duk kayan baƙi ne. In ka tambayi kakata ta wajen uwa mene ne gadon Ada ba za ta ce maka Kongenstein ba, ƙila ma ba ta iya faɗin sunan, Songor za ta ce. Tafkin gishirin da ke yamma da gari. Shi ne dalilin da ya sa aka zauna a wurin tun farko, labarin da ake ba mu wai wani maharbi ne ya bi dabbar da ya harba har ta kai shi wurin, kuma tun daga nan ƙa'ida ita ce gishirin na kowa ne, in ya nuna ko baƙo ne kai ka shiga ka ɗiba ka ba masu kula da tafkin nasu kaso. Na taɓa bin ta ina ɗan shekara 10 lokacin hunturu, tun asuba muka shiga, wurin fari fat har ido ba ya buɗuwa in rana ta fito, ka taka ya yi ƙaras ƙaras ƙafarka ta nutse cikin laka mai zafi, in kana da ɗan ciwo ko na ƙaya ne ranar za ka san kana da shi. Mata na kankarowa da hannu da ɓallin kwano suna wankewa a kwando su cika daro su ɗauka a ka, a gaɓa a tara shi tsibi-tsibi kamar dalar gyaɗa a rufe da ciyawa ya kai shekara. Tafin hannun kakata kamar bayan kada. Da wannan ta aurar da 'ya'ya 6. Yau Denmak ta tafi Ingila ta tafi teku ya cinye ganuwar, gishirin yana nan, kuma shi ake rigima a kai ba kango ba. A 1985 a kan tafkin nan harsashin 'yan sanda ya kashe wata mata mai ciki Maggie Kuwornu, har yau ana tunawa da ita. A 1992 gwamnati ta yi doka ta riƙe tafkin a matsayin amana, masu hali suka yi ta yanka nasu ramuka a ciki da ake kira atsiakpo, sannan a 2020 aka ba kamfani guda hayar kusan duk wurin. Ka kunna Rediyo Ada kowane lokaci da wuya a yi kwana biyu ba a taɓo zancen ba. Wasu cikin danginmu suna aiki a kamfanin suna cewa an gyara tafkin ruwa ya dawo ana biyan su, wasu kuma ko gaisawa da su ba sa yi

Ɗan Agadas:
Ina biye da ku tun ɗazu ban ce komai ba. Bakin Ruwa abin da ka faɗa kamar a Bilma kake, can ma hannun masu haƙar haka yake, kuma can ma mota ta rage wa ayarin raƙuma daraja amma ba ta hana a zuba kantu ba. Mu namu rana ce abokiyar aiki ku ma haka, bambancin ku ruwa ne ke korar ku mu rairayi

Hajiya Mai Goro:
Ai dama gishiri ya yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo shi ma ya ji kunya. Ɗana Bakin Ruwa kakar taka tana raye?

Bakin Ruwa:
Tana nan Hajiya amma ƙafa ta ƙi, ta daina shiga tafki

Malam Na-Zango:
Bakin Ruwa ka yi min gyara kuma na karɓa, gishirin ya girmi ganuwar nesa ba kusa ba, ba don shi da kogin ba ma da Bature bai tsaya a wurin ba. Kuma duniya ta san da tafkin, yana cikin jerin Ramsar na muhimman wuraren dausayi na duniya tun 1992, UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake karewa a 2011 saboda tsuntsaye da kunkurun teku da ke fitowa yin ƙwai a gaɓar. Amma ban yarda a bar kangon ya tafi haka nan ba don kayan baƙi ne. Wanda aka ɗaure a ciki ba baƙo ba ne. Ganuwoyin Elmina da Kep Kos an gyara su tun da suka shiga jerin UNESCO a 1979 kowa na zuwa yana kuka, na Ada da suka bi ta wannan bakin kogin fa, cikinsu ƙila da 'yan uwan Iyar gidan su Hajiya? In bangon ƙarshe ya faɗa ruwa yaro zai nuna teku ya ce tana can, ɗansa kuma ko nunawar ba zai yi ba.

Injiniya:
To Malam da wane kuɗi, a kare kango ko a kare Totope da mutane ke kwana a ciki? Dutse ɗaya na jeren nan ka san nawa ake kawo shi daga kwari

Malam Na-Zango:
Ban ce a zuba dutse ba. A auna a ɗauki hoto a rubuta, a zauna da tsofaffi irin kakar Bakin Ruwa da Hajiya a naɗi muryarsu. Wannan waya kawai yake ci.

Ɗan Kurmi:
Yau dai an ga abin mamaki, ni da na ce ina ruwanmu ga ni har sha ɗayan dare ina neman Ada a taswira. Baban Sadiya in na zo Ankarar taku nawa za ka kai ni

Baban Sadiya:
Kai kuɗin mai kawai za ka zuba amma ka zo da kilishi. Ni dai tambaya ɗaya na yi na samu amsa uku kuma har yanzu Malam da Injiniya ba su shirya ba

Injiniya:
Ba za mu shirya ba sai ya yarda dam ne

Malam Na-Zango:
To za ka daɗe.

Hajiya Mai Goro:
Ku dai ku yi ta yi. Bakin Ruwa ni roƙona ɗaya, in hunturu ya shiga aka fara ɗiba ka samo min ko mudu biyu na asalin mai tsakuwa-tsakuwa ɗin nan, ba na leda ba, ka ba Baban Sadiya ya kawo min Madinar Ankara. Ina so in sa wa jikokina a tafin hannu su lasa. Kuma ka gaishe min da tsohuwa ka tambaye ta ko a cikin danginsu akwai waɗanda suka yi turin jirgi zuwa Karachi

Bakin Ruwa:
In sha Allahu Hajiya za ta ji. Gobe Juma'a dama zan shiga wajenta bayan masallaci, zan kunna rikoda in ajiye wayar kusa da ita kar ta gani don in ta gani shiru za ta yi. Sai dai da Dangme, yaren mutanen Ada, za ta yi maganar, wanda zai zauna ya juya muku shi zuwa Hausa ku fara tara masa kuɗin data

Baban Sadiya:
Ɗan Kurmi zai biya